Uzbek da Afirkans: inda masu kwatanta su suke yawan yin tuntuɓe

Mutum zai ajiye jaridar Tashkent, babban birnin Uzbekistan, kusa da ta Cape Town a Afirka ta Kudu, ya ga duka da haruffan boko aka buga su, sai ya ɗauka akwai zumunta a tsakani. Daga nan kuskure yake farawa. Uzbek ɗan gidan harsunan Turkawa ne, kuma ɗan'uwansa na kusa shi ne Uigur da ake yi a yammacin Sin. Afirkans kuwa daga harshen mutanen Holan ya tsiro, bayan da Jan van Riebeeck ya sauka a gaɓar kudancin Afirka a 1652. Rubutu riga ce, kuma Uzbek ya sha canza ta: da haruffan Larabci ake rubuta shi har ƙarshen shekarun 1920, aka koma boko, a 1940 aka ɗora masa haruffan Rashanci, sannan a 1993 aka yi dokar komawa boko. Har yau ana ganin rubutun boko da na Rashanci a Uzbekistan, Uzbekawan Afghanistan kuwa suna nan da haruffan Larabci. Mai son sanin dangin harshe sai ya duba lambobi da wakilan suna da ginin fi'ili.

Wanda ya fi damuna shi ne cewar da ake yi wai Uzbek harshen Musulmi ne, Afirkans kuma na Turawan wariyar launin fata. Ba a rasa dalili ba, domin tilasta koyarwa da Afirkans ne ya fito da ɗaliban Soweto kan titi ranar 16 ga Yuni, 1976, kuma wannan ciwo bai warke ba. Sai dai harshen ba a bakin Turawa kaɗai ya ginu ba. Bayin da aka kwaso daga yankin Indonesiya da Indiya da Madagaska, da mutanen Khoekhoe 'yan ƙasa, duk da hannunsu a ciki. Kalmar baie, wato da yawa, da piesang, wato ayaba, daga harshen Malay suka shigo. Musulmin Cape Town sun rubuta Afirkans da ajami a makarantunsu tun kafin a mai da shi harshen hukuma a 1925. Malamin da Daular Usmaniyya ta aika musu, Abubakar Effendi, ya rubuta littafin addini mai suna Bayanud Din da wannan ajami, aka buga shi a Santambul a 1877. Duk wanda ya taso yana karanta waƙoƙin wa'azi da ajamin Hausa zai gane wannan labari da wuri. Ƙidayar 2011 ma ta nuna yawancin masu Afirkans a matsayin harshen gida ba fararen fata ba ne.

Akwai kuma masu cewa duka biyun ba su bambanta namiji da mace. Rabin gaskiya ce. A Afirkans, suna ba shi da jinsi, kalma ɗaya die, mai aikin "the" ta Ingilishi, ake sa wa kowane, amma ana raba hy, shi, da sy, ita. Uzbek ne ya haɗe su gaba ɗaya: u shi ne shi, shi ne ita, shi ne abu. A nan sai a yi hattara, don Afirkans ma yana da u, amma ma'anarsa kai ko ke ta girmamawa, abin da Ba'uzbeke zai ce siz. Kamar rubutu ce kawai ta haɗa su.

Sai batun sauƙi. An cika cewa Afirkans ba shi da nahawu saboda fi'ilinsa ba ya canzawa: ek is, jy is, ons is, wato ni ne, kai ne, mu ne. Wahalarsa a jerin kalmomi take. "Na karanta littafin" shi ne Ek het die boek gelees, inda fi'ilin ya rabu biyu, rabi a gaba, rabi a can ƙarshe. Uzbek kuwa ɗora ɗafa-ƙeya yake yi ɗaya bisa ɗaya: uy gida, uylar gidaje, uylarimiz gidajenmu, uylarimizda a cikin gidajenmu. Mai koyo yakan firgita da tsawon kalmar, alhali kowane yanki aikinsa ɗaya ne kuma ba kasafai yake sauyawa ba. A yanka kalmar gaɓa-gaɓa daga farko, za ta buɗe da kanta. Kada kuma wanda ya san Turkanci ya sa rai da jituwar wasula irin ta can, wato wasulan ɗafa-ƙeya su bi na tushen kalma, domin daidaitaccen Uzbek ya zubar da mafi yawanta saboda daɗewar zama da Farisanci.

Wajen korewa Bahaushe yana da sa'a da Afirkans. Ek het nie die boek gelees nie daidai yake da "ban karanta littafin ba": nie a gaba, nie a baya, kamar ba da ba ɗinmu. Masu koyo da suka biyo ta Ingilishi sukan manta ta biyun, mu kuwa kunnenmu ya saba jiran ta. Uzbek cusa korewar yake yi a cikin fi'ili: o'qidim na karanta, o'qimadim ban karanta ba.

A wajen kalmomi kuma Uzbek ne ya fi kusa da kunnenmu. Dunyo, xabar, kitob da vaqt su ne duniya, labari, littafi da lokaci, domin mu da su a rijiyar Larabci muka ɗebo. Wannan x ta xabar sautin kha ce ta Larabci, kuma Afirkans yana da sautin, sai dai da g yake rubuta shi. Wanda ya karanta goed da g irin ta "gida" ya riga ya kauce, haka ma wanda ya furta j ɗin Afirkans kamar ta "jaki", alhali y ce: ja, wato i, ana faɗin ta ya.