Yadda za ka bi sawun waɗanda suka tsallake Katangar Berlin

Katangar Berlin ita ce ta raba birnin Berlin na Jamus gida biyu, inda mutanen Gabas ke ƙoƙarin tserewa zuwa Yamma. Da farko, hau jirgin ƙasa na cikin gari, wato S-Bahn, ka sauka a tashar Nordbahnhof. Kana fitowa, ga titin Bernauer nan, inda wurin tunawa da katangar yake, kuma shiga kyauta ne.

Fara da allon hotunan mamata. Aƙalla mutum 140 katangar ta ci tsakanin 1961 da 1989, don haka kada ka yi gaggawa a nan. Nemi Ida Siekmann, baiwar Allah da ta diro daga tagar gidanta don tserewa zuwa Yamma a watan Agustan 1961, ta rasu.

Sannan hau hasumiyar kallo, ka leƙa filin da a da ake harbin masu gudu.

Daga nan bi alamun ƙarfe a ƙasa har inda ramin da mutum 57 suka bi suka tsere a Oktoban 1964 ya ratsa.