Kurakuran da Ɗalibai Ke Ta Maimaitawa Wajen Aikin Faj

Duk shekara sai sababbin ɗalibai sun shigo ɗakin gwaje-gwaje da ɗokin farautar faj, wato bairos ɗin nan masu kashe bakteriya, kuma duk shekara kurakuran nan dai su ne. Na gaji da faɗa da baki.

Na farko, agar mai zafi, wato abin nan mai daskarewa da ake shuka bakteriya a kansa. Ɗalibi zai narkar da agar mai laushin da ake shimfiɗawa a saman faranti, ya kasa haƙuri, ya zuba bakteriyarsa tun kwalba na turiri. Washegari faranti fayau, sai ya zo yana murna wai faj ya cinye komai. Ɗana, kai ka dafa su! A bari zafin agar ya sauko tsakanin digiri 45 zuwa 50 na Salsiyos. Ni cikin ruwan ɗumi nake ajiye nawa, kuma kullum ina da faranti ɗaya da ban sa wa faj ba. In shi ma bai tsiro ba, an san mai laifi.

Na biyu ya fi ƙona min rai. Ka ɗebo ruwan kwata, ka tace, ka ɗiga a kan bakteriya, ka ga wuri ya share, shi ke nan ka fara rubuta rahoto. Sharewar wuri ba hujja ba ce. Ruwan kwata na ɗauke da ragowar magani da guba, kuma faj in ya yi yawa yana iya fasa bakteriya daga waje ba tare da ya hayayyafa a cikinta ba. Tsarma samfurin kashi goma-goma har ka ga tabo ɗaiɗai, wato ƙananan wuraren da faj ya share a faranti, ka ɗauki ɗaya, ka sake shukawa, aƙalla sau 3. Wani ɗalibina ya tsallake wannan, muka kashe kuɗin karanta jerin DNA, sakamako ya dawo da faj iri biyu a cakuɗe. Aikin watanni ya tafi a banza, kuɗin bincike kuma ba a shara ake tsintarsa ba.

Kada ka yi wasa da faj ɗin da ake kira T1. Yana jure bushewa, yana maƙalewa a teburi da pipet (bututun ɗibar ruwan gwaji), ya riƙa kashe bakteriyar E. coli ta abokan aikinka. Barasar goge teburi ba ta isa ba, ni bilic nake sawa.

Sauran ƙanana ne. Tace samfurinka da matata mai ramukan maikromita 0.22, yawancin bakteriya ba ta wucewa. Yi amfani da bakteriya mai tashe, tsohuwar da ta kwana biyu a firji ba ta shimfiɗuwa da kyau. Faj ɗin da ake kira lamda na son sukarin maltos da sinadarin magniziyam. Kada ka sa wa faj ɗin M13 sinadarin kulorofom, lalata shi yake yi. Ƙirga farantin da ke da tabo 30 zuwa 300 kawai.

Ajiyar faj kuwa a digiri 4 ce. In an ɗauke wuta firji ya kwana a kashe, sake auna ƙarfin faj ɗinka kafin ka ɗora wani gwaji a kansa.