Yadda na gyara rediyon motar rakiyar jirgin sama

Ma'aikatan hasumiyar filin jirgi suna jin rediyon motar da maki 2 cikin 5 a ma'aunin kyawun ji, alhali mu muna jin su tangaran. Batir lafiyarsa ƙalau. Da na sa mitar SWR (mai auna yadda eriya ta dace da rediyo) tsakanin rediyo da eriya, sai ta nuna 3.5, abin da bai kamata ya wuce 2 ba.

Na kwance mahaɗin gindin eriya, sai ga tsatsa: ruwan damina ya shiga. Gogewa kaɗai ba ta isa, don danshi ya riga ya bi cikin wayar eriyar. Na canja wayar (samfurin RG-58 mai ohm 50) ɗungurungum, na kankare fenti inda gindin ke taɓa rufin motar don ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, na naɗe mahaɗin da tef mai hana ruwa.

SWR ta sauko 1.3. Na nemi gwaji a tashar rediyo ta zirga-zirgar ƙasa, ba a tashar gaggawa ta 121.5 MHz ba, hasumiya ta ba da 5.