Kwafi uku a kan wayar wuta ɗaya: kurakuran da ake yi wajen haɗa ma'ajiyar uwayen garke

A watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, aka kira ni wani ofis da komai ya tsaya cak. Uwayen garke uku ne a ɗaki, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da ayyukan ofis, an ɗora musu Proxmox, manhajar da ke gudanar da kwamfutocin kwaikwayo da yawa a cikin inji ɗaya, an haɗa fayafansu da Ceph, manhajar da ke mayar da su ma'ajiya guda, domin kowace kwamfutar kwaikwayo ta iya ƙaura daga wannan inji zuwa wancan. A takarda aikin ya yi kyau. Da na durƙusa bayan kabad sai na ga duka ukun a jone suke da UPS guda, na'urar batir da ke riƙe wuta idan an ɗauke, wanda mutanen nan ke kira onduleur, batirinsa ya kumbura, fankokin kuma sun toshe da ƙurar hunturun da ya wuce. Yaron da ke kula da wurin ya ce, "Malam, ai an ce mana bayananmu kwafi uku ne." Gaskiya ya faɗa, amma kwafi ukun tare suka mutu.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi damuna. Ceph yana rubuta kowane bayani sau uku a injuna daban-daban, don idan ɗaya ya faɗi sauran su riƙe. Bai san cewa wuta ɗaya ke ciyar da su ba. A arewacin Kamaru, idan ruwan madatsar Lagdo ya ja baya da rani, ɗauke wuta ba baƙon abu ba ne, haka ma a Njamena. Gyaran shi ne a raba: kowane inji da nasa UPS, suwic ɗin da ke haɗa injunan ma a ba shi nasa, a kuma saita injunan su kashe kansu cikin tsari kafin batir ya ƙare. Fayafan SSD kuwa, a sayi masu kariyar yankewar wuta, irin na manyan cibiyoyi. Na kasuwa masu araha suna rarrafe a ƙarƙashin Ceph, kuma suna iya zubar da abin da suka ce sun riga sun rubuta.

Sai masu inji biyu da suka nace sai Ceph. Gungun injunan yana yanke hukunci ne da rinjayen ƙuri'a, kuma ɗaya cikin biyu ba rinjaye ba ne. Inji ɗaya ya faɗi, ɗayan ya ƙi motsi. Wasu sai su rage adadin kwafin da dole a samu kafin rubutu daga 2 zuwa 1, wai don aiki ya ci gaba. Kada ka yi haka, ɗan'uwa. Ranar da faifan da ke riƙe da kwafi ɗaya tilo ya lalace, babu inda za a nemo shi. Mai inji biyu ya yi amfani da ZFS, tsarin ajiya na cikin inji ɗaya, wanda Proxmox ke aika canje-canjensa zuwa ɗaya injin duk minti 15, ana kuma iya rage tazarar har zuwa minti 1. A ƙara wata ƙaramar kwamfuta ta zama mai ƙuri'a ta uku, abin da ake kira QDevice. Idan wani abu ya faru za ka rasa aikin 'yan mintuna, kuma yawancin makarantu da asibitocinmu za su iya jure wannan. Wanda ba zai jure ko daƙiƙa ba, ya duba DRBD da LINSTOR, manhajojin da ke kwafa rubutu zuwa wani inji nan take, na kamfanin LINBIT da ke Vienna, garin da Proxmox ma ya fito.

Hanyar sadarwa ma ana raina ta. Masu Proxmox da kansu sun ce a ware wa Ceph layi mai gigabit 10 ko fiye. A kan gigabit 1 komai zai yi kamar lafiya lau har ranar da faifai ya mutu, Ceph ya fara kwashe bayanai don cike gurbi. Layi ya cushe, saƙonnin Corosync da injuna ke tabbatar wa juna suna raye da su suka makara, sai inji mai lafiya ya ɗauka an yanke shi, ya sake kunna kansa. A ba Corosync wayarsa ta daban, ko da ta gigabit 1 ce.

Lissafin wuri kuwa yakan ba mai kuɗi mamaki. Injuna uku, kowanne da terabait 4, jimla 12 ke nan, amma da kwafi uku abin amfani 4 ne kawai. Ceph yana fara gargaɗi a kashi 85 cikin ɗari, ya daina karɓar rubutu gaba ɗaya a kashi 95. A faɗa wa Alhaji wannan tun kafin ya fitar da sefa. Kuma a miƙa wa Ceph fayafai tsirara, kada a bi da su ta katin RAID, wanda ke haɗa fayafai su zama kamar guda, a ware wa kowane faifai kimanin gigabait 4 na RAM.

Wanda zai fara sabon aiki yau kada ya ɗora shi a kan GlusterFS, wata manhajar haɗa ma'ajiya irin Ceph, don ya ga tsohon darasi a intanet. Proxmox ya cire shi a fitowa ta 9 a 2025. Masu tunanin vSAN, manhajar haɗa ma'ajiya ta kamfanin VMware, su tuna cewa tun da Broadcom ya sayi VMware a ƙarshen 2023 aka daina sayar da lasisin dindindin, sai biyan kuɗi lokaci-lokaci.

Abin da ya ceci ofishin nan na Garwa wani faifai ne na waje da akawu ke tafiya da shi gida duk Juma'a. Idan ma'aikaci ya goge fayil bisa kuskure, ko ƙwayar cutar masu neman fansa ta kulle shi, Ceph zai maimaita ɓarnar sau uku nan take. Don haka muka kafa Proxmox Backup Server, mai ajiye kwafin tsaro na kwamfutocin, a wani gini daban, muka kuma sa ranar Asabar ta farkon kowane wata don dawo da kwamfuta ɗaya daga ajiyar, mu kunna ta, mu ga ta tashi da idonmu.