Duba Gidan Tarihin Jirgin Ƙasa Kafin Ka Kai Mai Keken Guragu

Ana ta tambayata yadda za a san ko mai keken guragu zai iya shiga gidan tarihi, musamman kan Jaekel House, gidan tarihin jirgin ƙasa da ke Ebute Metta a Legas. Ga yadda ake yi:

1. Auna faɗin keken.
2. Je kai kaɗai tukuna.
3. Taka daga wurin ajiye mota zuwa ƙofa. Tsakuwa da ƙarfen dogo kan riƙe ƙananan tayoyin gaba.
4. Ƙirga matakalar shiga.
5. Auna ƙofofi, har da ta banɗaki, wadda aka fi mantawa.
6. Tambayi yadda ake hawa bene.

Hattara: Jaekel House ginin shekarar 1898 ne. In an ce maka "ba matsala", ka ce a nuna maka.

7. In akwai makaho a tafiyar, tambaya ko ana barin taɓa kayan.
8. Ɗauko hotuna ka nuna wa mai keken.