Darasi Na 7: Yadda Ake Gane Tankin Gidan Mai Yana Yoyo A Ƙarƙashin Ƙasa

Duk wanda ya taɓa aiki a gidan mai ya san rigimar shot, wato gibin mai. Wata ya ƙare, manaja ya buga lissafi ya ga mai bai cika ba, sai kawai a juyo kan yaran da ke kan famfo a ce ku ne, a zaftare musu albashi. Eh akwai masu dogon hannu, ba a musu, amma sau da yawa man nan ba aljihun kowa ya shiga ba, ƙasa ce ta shanye shi. Tanki ƙarfe ne aka binne, shekara da shekaru damshi na cin sa har tsatsa ta yi masa huda kamar bakin allura, ko kuma mahaɗar bututun da ya taso daga tanki zuwa famfo ta saki, kuma tunda komai na ƙarƙashin siminti ba wanda zai gani da ido.

To da me za a gani? Da sandar awo da biro da littafi.

Kullum da safe kafin a sayar wa kowa ko lita ɗaya, a buɗe bakin tanki a zura sanda a hankali har ta taɓa gindi. A hankali fa na ce, kar a sake ta ta faɗa da ƙarfi, don wurin da take sauka ɗaya ne kullum, yau da gobe ita kanta sai ta raunana ƙarfen. A zaro, a duba inda mai ya jiƙa, a duba takardar awon wannan tankin (kowane tanki da tasa, kar a ɗauki ta wani) a ga lita nawa ke nan, a rubuta nan take tare da kwanan wata. Ba sigari, ba ashana, ba janareta a kusa. Da dare bayan an rufe a sake yin haka. In tanka ta sauke mai, a auna kafin ta fara, a kuma auna bayan ta gama man ya ɗan lafa.

Ga lissafin, mu yi shi tare. A ce da safe sanda ta nuna lita 12,000. Tanka ta sauke 11,000, ya zama 23,000. Mitar famfo ta nuna an sayar da 6,500. In ka cire, saura 16,500, wannan shi ya kamata a tarar. Sai sanda ta ce 16,440. Gibin 60 ke nan.

Gibin rana ɗaya bai isa a tada hankali ba. Fetur yana kumbura da zafi yana tsukewa da sanyi, kusan lita 1 cikin kowace 1,000 a duk digiri ɗaya, shi ya sa man da ya sha ranar hanya a cikin tanka in ya kwana a ƙasa sai ka ga ya ɗan ragu, ga kuma wanda ke tashi a iska, ga kuskuren ido wajen karanta sanda. Irin wannan yau ya yi ƙasa gobe ya yi sama. Wanda ake tsoro shi ne mai tafiya gefe ɗaya, Litinin ragi Talata ragi har sati ya zagayo, musamman in a daren da ba a sayar da komai ba awon safe ya kasa na daren jiya. Kuma ku riƙe wannan, yaran kan famfo: in kuɗin da ka miƙa ya yi daidai da mita, gibin da ke tsakanin mita da tanki ba naka ba ne. Wanda ya iya karanta littafin nan ba a yi masa wayo.

Hudar da mai ke fita ta nan ruwa ke shiga, balle da damina. Akwai wani man shafawa na gano ruwa, ana shafa shi a ƙasan sanda, in ya taɓa ruwa sai ya canza launi. Ruwa ya ƙaru bayan an yi ruwan sama, ko masu mota sun fara dawowa da ƙorafin inji na tari, to a bincika. Haka in famfo na jinkirin kawo mai da safe, ko maƙwabta sun ce rijiyarsu na warin fetur, ko ana ganin maiƙo mai launi-launi a saman ruwan guga.

Maganar rijiyar nan ita ce babba. Lita 4 kacal a rana, a shekara 1,460 ke nan a cikin ƙasar da mutane ke haƙa burtsatse. A Ogale ta jihar Ribas, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya samu tataccen mai mai kaurin santimita 8 yana yawo a kan ruwan ƙasa kusa da wani bututun mai, kuma sinadarin benzin mai jawo ciwon daji a ruwan shansu ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900.

A Najeriya hukumar NMDPRA, mai sa ido kan tacewa da rarraba da sayar da mai, ita ce ke ba gidajen mai lasisi, ita ta gaji wannan aikin daga tsohuwar hukumar albarkatun mai ta DPR bayan dokar man fetur ta 2021, malalar mai kuwa ana kai rahotonta ga NOSDRA, hukumar da ke kula da malalar mai, cikin awa 24. In littafi ya nuna alamar yoyo a dakatar da wannan tankin, kar a ƙara sauke mai a ciki, a kira masu gwajin matsin iska su gwada tanki da bututu, a adana takardar sakamakon.

Aikin gida: da safe 9,200, ba a sauke mai ba, mita ta ce an sayar da 3,150, sanda da dare ta nuna 5,980. Nawa ne gibin? Washegari da safe kafin a buɗe sanda ta nuna 5,955. Ku rubuta layi biyu kan abin da za ku faɗa wa manaja.