Yadda Ake Gina Rukunin Gidajen Masu Ritaya da Katakon CLT

CLT faffaɗan allo ne mai kauri da ake haɗawa a masana'anta. A jera busassun katakai, a shafa gam, a ɗora wani jeri a gicciye, haka har sau uku, biyar ko bakwai, sannan a matse da inji. Giciyen nan ne ke hana shi lanƙwashewa, har ya iya zama bango, daɓe ko rufi mai ɗaukar nauyi. A Ostiriya da Jamus aka fara shi a farkon shekarun 1990, kuma binciken Gerhard Schickhofer na jami'ar fasaha ta Graz a 1994 ne ya kafa masa ginshiƙi. A 2009 an gama bene mai hawa tara da shi a Landan, wato Stadthaus, kuma a Bella Vista da ke birnin Sidni na Ostareliya kamfanin Aveo ya gina wa masu ritaya bene mai hawa goma.

Matakin farko, kuma mafi cin lokaci, shi ne gama zane tun kafin a yanka allo ko ɗaya. Injin da kwamfuta ke sarrafawa ne yake fitar da gurbin ƙofa, taga, ramin waya da na bututu tun daga masana'anta. Ginin bulo ana iya fasa shi a canza shawara, wannan kuwa da zarar an yanka an gama. Don haka a zauna da mai zane, injiniya, masu ruwa da lantarki, har da ma'aikatan jinya, a kawo tsufa cikin zanen. Ƙofa ta kai faɗin santimita 90. A bar fili mai faɗin mita ɗaya da rabi inda keken guragu zai juya, musamman a banɗaki. Dokin ƙofa ya zama daidai da daɓe, don tuntuɓe ɗaya kan karya ƙugun tsoho. Wanda ya shiga gidan da ƙafarsa yau, nan da shekara goma wataƙila sai an ɗaga shi, saboda haka a sa injiniya ya lissafa nauyin na'urar ɗaga majiyyaci a rufin ɗakin kwana. Abin daɗi a nan, ƙarfen da tsoho zai riƙe don kada ya faɗi ana ɗaure shi da sukuru kai tsaye a bangon katako, kusan ko'ina.

Na biyu, a binciki asalin katakon. Siminti na fitar da kusan kashi 8 cikin ɗari na iskar kabon da duniya ke fitarwa, shi kuwa itace yana riƙe kabon a jikinsa muddin bai ruɓe ko ya ƙone ba. Amma wannan riba tana tabbata ne kawai in ana sake shuka dajin da aka sare. A nemi shaidar FSC ko PEFC, ƙungiyoyin da ke tabbatar da ana kula da dajin yadda ya kamata, a kuma tabbatar allon ya cika ƙa'idar EN 16351 ta Turai ko PRG 320 ta Arewacin Amurka.

Na uku, harsashi. Nauyin CLT bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na kankare ba, don haka harsashin ba ya buƙatar girma sosai. Sai dai ya fito a miƙe tsaf, domin allon da aka yanka da awon milimita ba ya yafe karkata. A ɗaga katakon aƙalla santimita 15 daga ƙasa a kan kankare, a sa shimfiɗar hana laima tsakaninsu. Inda ake da gara, a yi maganinta tun a nan.

Sai kafawa, wadda ita ce mafi sauri. A tsara motoci su kawo allunan bisa jerin da za a ɗora su, injin ɗaga kaya ya sauke, 'yan ma'aikata kaɗan su ɗaure da dogayen sukurori da ƙarafan kusurwa. Ba hayaniyar kwaɓa kankare, ba ƙura mai yawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, tunda irin waɗannan rukunai kashi-kashi ake faɗaɗa su, tsofaffi na zaune a gefe ana aiki.

Ruwa ne babban abokin gaba. Allon yana barin masana'anta da danshi kusan kashi 12 cikin ɗari, kuma in ya daɗe sama da kashi 20, ruɓa ta samu ƙofa. A rufe da tamfol, a shafe bakin allo da abin hana ruwa, don nan ne ya fi shan ruwa, a share duk ruwan da ya kwanta, a auna danshi kafin a rufe bango. Banɗakin tsofaffi da ruwan wanka ke malala a daɓe ba tare da shinge ba yana buƙatar shimfiɗar hana yoyo da aka yi da hankali. A ganina nan ne bai kamata a yi rowar kuɗi ba.

Batun wuta kuma a ɗauke shi da gaske. Katako mai kauri yana zama gawayi a hankali, kusan milimita 0.65 a minti, gawayin kuma ya kare cikin. To amma tsoho ba ya gudu, wani ma sai an tura shi. A sa na'urar yayyafa ruwa, a lulluɓe hanyoyin fita da allon jifsam, wato allon filasta mai jinkirta wuta, a raba ginin sashe-sashe yadda za a kwashe mutane zuwa sashen da ke kusa. A duba dokar ƙasa tun da wuri: tun 2018 Ingila ta hana abin da ke cin wuta a bangon waje na gidajen zama da na kula da tsofaffi da suka wuce mita 18.

Na ƙarshe, ƙara. Rashin nauyin katako yana sa takun na sama ya sauko ƙasa, ga barcin tsofaffi ba nauyi. A shimfiɗa roba mai tsotse ƙara a kan daɓe, a zuba siririn siminti ko tsakuwa a kai, a sa zirin roba a mahaɗar bango da daɓe. Bango ɗaya a falo za a iya barinsa katako tsirara don kyau, sauran a lulluɓe.